Tafiyar Hunturu Daga Ngaundare Zuwa Njamena: Yadda Ake Shirya Mota, Kaya Da Jiki

Tun da sanyi ya fara shigowa saƙonni ke ta zuwa, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce. Mai son kai albasa Njamena, mai kai iyali biki Marwa, wanda ya sayo mota a Duwala zai hau da ita arewa, kowa so yake ya ji yaushe zai tashi, me zai gyara, nawa zai ƙulla a aljihu. Ga amsar a wuri ɗaya.

Ka riƙe wannan tun farko: ba hunturu ke lalata hanya ba. Damina ce ke cinye ta, hunturu kuma ya zo ya rufe maka ido har ka kasa ganin inda ta ci. Daminar shekarun nan kuwa ba irin wadda iyayenmu suka saba da ita ba ce. A 2020 ruwa ya karya gadar Palar a Marwa. A 2022 gwamnatin Chadi sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliya, unguwannin Njamena irin su Waliya suka koma tafki. A 2024 ruwa ya sake mamaye Chadi da yankin Mayo-Danay da Logon-da-Shari, har ya karya gada a cikin garin Yagwa. Masana yanayi na danganta yawaitar irin wannan ruwa mai ƙarfi a Sahel da ɗumamar duniya. Abin da ya shafe ka a matsayinka na matafiyi shi ne, hanyar da ka haddace bara ba lallai ita ce za ka tarar bana ba.

1. Karanta sama kwana biyu kafin ranar

Hazon da ke rufe Marwa da Kuseri ba a nan ake haifarsa ba. Akasarinsa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi kusa da Faya, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi busasshiyar ƙasar tsohon tafki. Babu wurin da ya kai shi fitar da ƙura a duniya. Lokacinsa daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa tsakiyar Maris, ya fi tsanani a Disamba, Janairu da Fabrairu.

Amfanin sanin wannan shi ne ƙurar tafiya take yi, ba faɗowa take daga sama ba. Idan ta tashi a Faya yau, cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ta iso Njamena da Marwa, daga nan ta gangara Garwa. Saboda haka ka buɗe manhajar yanayi a waya, irin su Windy, ka duba taswirar ƙura da ƙarfin iska a Faya, ba a garinku kaɗai ba. Ka saurari sanarwar hukumar yanayi ta Chadi, ANAM, ko bayanan da hukumar lura da sauyin yanayi, ONACC, ke fitarwa a Kamaru. Sannan ka yi abin da ya fi duka: ka kira wanda ke gaba da kai a hanya. Direban da ya kwana Kuseri ko mai shayin tashar Mora zai faɗa maka ko ana hango hasumiyar masallaci daga tasha ko ba a hangowa.

A kula: sararin sama garau a Ngaundare ba shaida ba ce. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, Garwa kuwa tana cikin kwarin Binuwai. Sau da yawa sai ka sauka gangare sannan ka shiga farin duhun.

2. Zaɓi hanya, ka tambayi wanda ya bi ta cikin makon nan

Babbar hanyar Kamaru mai lamba 1 ita ce ƙashin bayan tafiyar. Ngaundare zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne, Garwa zuwa Marwa kusan 210, Marwa zuwa Kuseri ta Mora, Waza da Dabanga kusan 260. Daga Kuseri ka haye gadar Ngeli ka shiga Njamena.

Yankin Mora zuwa Kuseri shi ne ciwon kai. An daɗe ana fama da gyaransa, tun da aka sace ma'aikata 'yan China a Waza a 2014 aikin ya yi ta tsayawa yana tashi, ga kuma matsalar tsaro. Inda aka karkatar da motoci kan hanyar ƙasa, tirela ɗaya in ta wuce sai ka yi minti guda ba ka ganin hancin motarka. Ba a bin wannan yanki da dare, ko da hazo ko babu.

Akwai mafita biyu. Ta farko, ka karya a mararrabar Magada, tsakanin Garwa da Marwa, ka bi Kayele zuwa Yagwa, ka haye sabuwar gadar Logon da aka buɗe a 2025 zuwa Bongor, sannan ka hau arewa ta Gelendeng. Ta biyu, ga wanda ya taso daga Ngaundare kuma ba shi da abin yi a Garwa ko Marwa, ya bi Tuboro zuwa Mundu, daga nan Kelo, Bongor, Njamena. A ganina mai kayan da ba sa son girgiza, kamar ƙwai, tayil ko gilashi, ya fi masa alheri ya ƙara mai ya zaga da ya yi tsimin kilomita.

Wanda zai wuce Njamena ya nufi Musoro da Faya, tasa tafiyar daban ce: ba a yin ta da mota ɗaya, ba a yin ta ba tare da wanda ya san rairayin ba.

3. Kai mota gareji, ka tsaya a kanta

Kada ka aika yaro ka zauna gida. Ka je da kanka kwana biyu kafin tafiya, domin in an kwance wani abu a samu damar gwada shi a cikin gari. Ga yadda za a bi su.

Filtar iska ita ce farko. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin alkama da aka tankaɗe, tana shiga inda yashi ba ya shiga. A ciro filtar, a ɗaga ta a rana. In haske bai ratsa ta ba, ko ka ga ɗan tsaga ko da na bakin allura ne, a canza. In tana da sauran rai, a hura ta da iska daga ciki zuwa waje, a hankali. Ka sayi guda ta ajiya ka jefa a but.

Gargaɗi: filtar takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur, ba a kuma buga ta da ƙarfi a jikin taya. Kuma duk makanikin da ya ce maka a cire ta gaba ɗaya don mota ta "sha iska", ka ɗauki motarka ka bar garejin. Tafiya ɗaya ba filta tana iya cinye zoben fistin, ka koma mota na shan baƙin mai tana hayaƙi.

Na biyu batir. Batirin da ya gaji yana iya yi maka biyayya duk bazara, sai asubar Janairu ya ƙi. A goge kawunansa, a ɗaure su tam, a auna shi. Mai motar gas ya sa a duba hita, wato fulogin da ke ɗumama inji kafin a tayar. Ka kuma riƙe wayar jona batir.

Na uku fitilu, kuma a nan mutane suka fi sakaci. Kowa na gyara na gaba don ya gani, ya manta na baya da za a gan shi da su. A cikin hazo jar fitilar baya ita ce ranka. Ka sa yaro ya taka birki kana tsaye a baya, ka duba sigina hagu da dama, ka goge murfinsu. Mai babbar mota ya liƙa tef mai ƙyalli a bayan bodi da gefensa.

Na huɗu gilashi da waifa. Robar waifa bushewa take ta tsage a wannan iska. A canza ta, a cika tankin ruwan wanke gilashi, a ɗiga ɗan sabulun ruwa.

Gargaɗi: kada ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura. Za ta kankare gilashin, kuma wannan zanen shi ne zai watsa maka hasken rana da na fitilun masu zuwa a ido. Ruwa tukuna, sannan waifa.

Sauran a gaggauce: birki da mansa, fambel, ruwan lagireto, filtar mai, baƙin mai in lokacinsa ya kusa. Sanyin asuba kada ya ruɗe ka, da azahar zafi na haura digiri 30, inji na iya tafasa a hawan dutse. Iskar taya da safe ake auna ta, taya na sanyi. Safaya ma a auna ta, domin safayar da ba iska kaya ce kawai.

4. Lissafa kuɗi da takardu

Fara da mai. A Fabrairun 2024 farashin gwamnati a Kamaru ya koma sefa 840 litar fetur, gas kuma 828. Ka tabbatar da na ranar a gidan mai, amma ga yadda ake lissafin: motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 21 daga Garwa zuwa Marwa, wato sefa 17,640. In arewa ka nufa iska na bugun ƙirjin motar, ga tafiya da ƙaramar giya a wuraren da suka lalace, don haka ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Kowane shingen biyan kuɗin hanya a Kamaru sefa 500 ne, ka tanadi canji ka ajiye rasit.

Bayan wannan ka ware kuɗin kwana ɗaya da ba ka shirya ba: ɗaki, abinci, mai gadi, da na faci. Wannan kuɗin shi ke ba ka ƙarfin zuciyar tsayawa. Direban da aljihunsa ya bushe shi ne ke kutsawa cikin duhu don ba shi da na masauki. Ka raba kuɗin, wani a hannu, wani a waya. Ka tuna MTN da Orange na Kamaru ne, Chadi kuwa Airtel da Moov ke aiki, kuma akwai wurare a daji da ba sabis ko kaɗan. Sefar dai ɗaya ce a ƙasashen biyu.

Takardu: katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo, lasisin tuƙi, kart giriz, wato takardar rajistar mota, takardar duba lafiyar mota, inshora, da katin inshora mai ruwan hoda na CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, in za ka haye iyaka. Katin allurar shawara ma ya kasance tare da kai. Ka sa su cikin leda mai zif.

A kula da zuwa-zuwa, man kwalba na bakin hanya. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 arharsa ta ragu, haɗarinsa kuwa na nan: jarka a buɗe, mazurari a ƙasa, iska na zuba ƙura. In dole ta sa ka saya, a tace da tsabtataccen ƙyalle a gabanka.

5. Shirya jiki

A Janairu sanyin asuba a Njamena da Marwa na sauka wajen digiri 14 zuwa 16, a Ngaundare ya fi haka sauka. A takarda ba wani abu ba ne, amma ga wanda ke bayan a-kori-kura iska na dukansa, abin ba wasa ba ne. Ka sa tufafi hawa-hawa, yadda rana in ta ɗaga za ka rage. Rawani, ko kadamul kamar yadda 'yan Chadi ke naɗawa, ya fi hular sanyi amfani, don yana rufe kunne da hanci da baki a lokaci guda. Takunkumi ma yana taimakawa.

Ruwa aƙalla lita 3 ga kowane mutum, ban da na mota. Ba za ka ji ƙishi ba don ba ka gumi, amma iskar na tsotse ka, kuma ciwon kai da gyangyaɗin da ke kama direba da la'asar sau da yawa rashin ruwa ne. Man kaɗe ko basilin a leɓe, da ɗan kaɗan a bakin hanci saboda haɓo. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a cikin jakar da aka ɗaure a saman mota ba. Jarirai a tsakiya, nesa da taga.

Gargaɗi: wannan ne lokacin sanƙarau, kuma yankinmu duka yana cikin inda ya fi kamawa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya ba mura ba ce. A tsaya asibiti mafi kusa, kada a ce sai an isa gida.

6. Ɗaure kaya

Tamfol ya rufe ko'ina, bakinsa na gaba a cusa shi ƙasa yadda iska ba za ta samu ƙofa ba. Bayan tafiyar awa ɗaya a tsaya a sake jan igiya, domin kaya na zama, igiya na saki. Gari, sukari, atamfa da kayan lantarki a sa musu leda kafin tamfol. Albasa da tumatir kuwa suna son iska, a rufe sama a bar gefe. Dabbobi da kaji a kare su ta gaba inda iska ke bugowa.

Gargaɗi: auduga, harawa, katifa da gawayi wuta suke jira a wannan bushewar. Ba sigari, ba murhun shayi kusa da mota, kuma kada a haɗa su da jarkar fetur. Tukunyar kashe gobara ta zauna inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhu hamsin ba.

7. Tashi da rana, sauka da rana

Al'adarmu ita ce a yi sallar asuba a ɗau hanya. A hunturu ka sassauta wannan. Da sassafe ƙura da hayaƙin girki da na masu jin ɗumi duk suna kwance a ƙasa, ga masu keke da amalanke da 'yan makaranta a lulluɓe, kunnuwa a toshe, ba sa jin hon. Ka yi salla, ka karya, ka tayar da inji ya yi minti biyu ko uku, ka bari gari ya waye sosai.

Yamma ta fi safiya haɗari. A Disamba da Janairu wajen ƙarfe 6 rana take faɗuwa, kuma ranar da hazo ya yi kauri tun biyar duhu ke farawa. Ka yi lissafi daga baya: ina nake so magariba ta same ni? Ka cire awa ɗaya na abin da ba a sani ba, sannan ka san lokacin tashinka. Ngaundare zuwa Garwa yini ɗaya, ko zuwa Marwa in ƙaramar mota ce kuma sama ta yi kyau. Marwa zuwa Kuseri yininta daban. Wanda ya ce zai haɗe duka a rana ɗaya, kada ka ba shi iyalinka.

Mai zuwa Yagwa da safe gabas ya nufa, rana na cikin idonsa. Mai dawowa da yamma haka. Baƙin tabarau da tsabtataccen gilashi, ciki da waje.

8. Tuƙi a cikin hazo

Nan ne aikin yake. Dokar ɗaya ce: kada gudunka ya wuce ganinka. Ga yadda ake auna ta ba tare da na'ura ba. Ka zaɓi abin da ya fara bayyana a gabanka, bishiya ko dutsen kilomita, ka fara ƙirga daƙiƙa har ka iso shi. In ba ka kai shida ba, gudunka ya yi yawa, ka rage har ƙirgar ta cika. Mai babbar mota da lodi ya nemi goma. Dalili kuwa, a gudun 90 mota na cin mita 25 kowace daƙiƙa, a 60 kusan 17, a 40 kusan 11. Kafin ido ya gani, ƙafa ta tashi ta taka birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta riga ta tafi.

Kunna fitila ko da tsakar rana ce, amma dim. Ful ba ya huda ƙura, dawo maka yake da hasken ya zama farin bango. In motar na da fitilun hazo na ƙasa, yanzu ne ranarsu. Rufe gilasai, ka sa iskar ciki ta riƙa zagayawa. Kashe rediyo a wurin da ya yi kauri, ka ɗan sauke gilashi a mararraba, kunne zai ji tirelar da ido bai gani ba.

Kada ka manne wa motar gaba don jar fitilarta na nuna maka hanya. In ya faɗa rami kai ma ka faɗa, in ya taka birki ka shige ƙarƙashinsa. Ka bar tazarar da kana hango shi da ƙyar. Idonka ya bi bakin kwalta na dama, ba tsakiyar hanya ba, don hasken mai zuwa na jan sitiyari ba ka sani ba.

Wuce mota shi ne abin da ya fi kashe mutane a wannan lokaci. Daga Disamba motocin auduga na cika hanya suna kai kaya masana'antun kamfanin auduga na Sodecoton, ga masu siminti daga Figil, ga tirelolin Chadi. Za ka gaji da bin bayansu. Ka yi haƙuri. In ba ka hango hanya fili mai nisa ba, ba a wucewa, ko da direban gaba ya yi maka sigina. Shi ma abin da kake gani yake gani.

Gargaɗi kan ramuka: ƙura na cika rami ta daidaita shi da kwalta, launi ɗaya. Alamarsa ita ce sawun tayoyi. Inda ka ga sawu ya karkace gaba ɗaya zuwa gefe, akwai dalili. Ka fi kula a bakin gada da kwalbati da inda mayo, wato rafi, ya ratsa hanya, nan ruwa ya fi ci ta ƙasa ya bar kwalta a rataye. Sigina biyu kuma ba ta tafiya ba ce, ta tsayuwa ce ko ta gargaɗin na baya in ka ci birki ba shiri. Wanda ke tafe da ita a kunne ba a sanin lokacin da zai karya kwana.

9. Wurare uku da ke son natsuwa

Gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundare da Mbe. Ka tsaya a sama ka gwada birki, ka sa ƙaramar giya tun kafin ka fara sauka, inji ya riƙe motar. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji warin ƙuna kafin ya kai ƙasa, daga nan feda ta tafi fanko. Sakin mota a firi don tsimin mai a nan ganganci ne.

Dajin da ke gefen gandun Binuwai, kafin Ngong. Lokacin ƙonen daji ne, hayaƙi na haɗuwa da hazo. In ka ga ya rufe hanya kada ka kutsa, ka tsaya nesa ka bari iska ta kore shi.

Sai garuruwan kasuwa da mashigar shanu. Ranar Lahadi Pitowa cike take har kan kwalta. A arewa kuma garkuna na gangarawa fadamun Logon neman ciyawa, kuma saniya fara a cikin farin hazo sai kana kanta za ka gan ta. In ɗaya ta haye, akwai saura a baya.

10. In mota ta tsaya, ko dole a kwana

In hazo ya kai ba ka ganin komai, ka nemi gari, gidan mai ko shingen jandarma. In babu, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, nesa, ka kashe fitilu ka ɗage ƙafa daga birki, don kada na baya ya ɗauka kana kan hanya ya biyo haskenka. In kuwa lalacewa ta yi kuma wani sashenta na kan kwalta, akasin haka za ka yi: sigina biyu, fasinjoji su fita su koma can gefe, a kai alamar kusurwa uku taku 100 a baya, wata a gaba. Ganyen da muke zubawa ba a ganinsa a hazo. In kun sa duwatsu, ku kwashe kafin ku tafi, don dutsen da aka bari ya sha kifar da mai babur.

Gargaɗi mai nauyi: kada a shiga da garwashi cikin mota ko ɗakin da aka rufe don jin ɗumi, kada kuma a kwana inji na aiki gilasai a rufe. Iskar da ke fita daga gawayi da salansa ba ta da wari, barci take sa mutum, ba ya farkawa. Bargo biyu sun fi kasko. Yaran mota da ke kwana ƙarƙashin tirela su ma kada su hura wuta kusa da tanki.

Barci kuma ba shi da magani sai barci. Shayi da goro na ɗan jinkirta shi. Tiramol kuwa ido yake buɗewa ya kashe hankali.

11. In kai fasinja ne

Ka sayi tikitin motar safe, ko da ta fi tsada. Kafin ka biya ka zaga bayan motar ka dubi fitilu da tayoyi, ba abin kunya ba ne. In direba na gudu cikin hazo a yi masa magana da ladabi, kuma babba a cikin motar ya fara: "Malam direba, don Allah a sassauta mana, ba ma sauri." In mutum uku suka ce haka zai ji. Abin da ke ɓata lamarin shi ne fasinjan da ke zuga shi, "Maigida taka mana, dare na yi."

Jirgin ƙasan Camrail daga Yawunde tafiyar dare yake yi ya iso Ngaundare da safe, kuma hazo bai cika damunsa ba. Sai dai in ya makara, motocin da ke jiran fasinjojinsa su ma sun makara, su shiga dare a hanyar Marwa. In rana ta yi nisa, ka yanki tikitin Garwa kawai ka kwana. Rigar sanyi ta kasance a jakar hannu.

Jirgin sama shi ya fi jin jiki. In gani ya ragu ƙasa da ƙa'ida, matuƙi ba zai sauka a Garwa, Marwa-Salak ko Njamena ba, sai a jinkirta, a soke, ko a karkata wani filin. Mai haɗa jirgi a Duwala ko Yawunde, musamman mai tafiya Umara ko asibiti, ya sauka kudu kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ka tambayi sharaɗin canza rana kafin ka biya, ka kuma kira kafin ka bar gida.

12. Babur, kwalekwale da bakin iyaka

Mai kilando, wato ɗan acaɓa, ya sa hular kwano mai gilashi da riga mai ƙyalli, fitila a kunne. Filtar soso a wanke ta duk mako, ta bushe, a shafa ɗan mai. Sarƙa a goge ta kafin a zuba mai, in ba haka ba ƙura da mai su haɗu su cinye haƙoran sifaroket.

Masu haye Logon, Shari ko tafkin Lagdo su lura da iskar hantsi, ita ke tayar da igiyar ruwa. In ba a hango ɗaya gaɓar, a jira. Jirgin da aka cika har ruwa na taɓa baki, ka bar shi ya tafi.

Gadar Ngeli ba ta kwana a buɗe, kuma layin tireloli na da tsawo. Ka tambayi lokacin rufewa tun kana Marwa, ka shirya isa Kuseri da sauran rana. In ka makara ka kwana nan, da safe ka haye. Kafin ka juyo, a sake hura filtar iska, a wanke lagireto ta waje da ruwa marar ƙarfi, a duba ƙusoshin taya da baƙin mai, sannan ka kira Marwa ka ji yadda sama take.